Tun da Maigidana Ya Rasu Na Kasa Yin Addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamar firamare ce a Kaduna, shekaruna 43, ina da 'ya'ya uku. Maigidana, wanda ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu wata takwas da suka wuce bayan ya yi kusan shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda. Mun sayar da filinmu da motarsa saboda kuɗin wankin ƙoda, mun kuma ci bashi. Mun yi azumi da addu'ar dare, har wani da ake kira annabi ya ɗora masa hannu ya ce ba zai mutu ba. Da ya rasu, mutumin ya aiko mini cewa shakkar da na yi ce ta hana warkarwar. Gaskiya ne na yi shakka, domin ina ganin yadda jikinsa yake kumbura. Tun ranar jana'iza ban iya yin addu'a ba. Idan na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Na daina zuwa Zumuntar Mata, sujadar Lahadi ma sai jefi-jefi, domin duk wanda ya gan ni sai ya ce in yi haƙuri, nufin Allah ne. Ba na barci, abinci ba ya shiga, wani lokaci kuma ina fatan in kwanta kada in farka. Mama, Allah yana kula da ni kuwa? Idan yana kula, me ya rage da zan yi a duniyar nan?

'Yata,

Sannu da wannan babban rashi, sannu kuma da ɗawainiyar shekara biyu da kika yi a bakin gadon maigidanki, wadda na lura ba ki ko lissafa ta cikin abubuwan da suka gajiyar da ke ba. Zan amsa tambayoyinki biyu gwargwadon abin da Ubangiji ya ba ni, amma akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ba za ta jira ba, wato inda kika ce kina fatan ki kwanta kada ki farka. Mutane da yawa da ke cikin makoki mai tsanani sukan yi irin wannan tunani, kuma zuwansa a zuciyarki bai mai da ke mai saɓo ba, sai dai tunani ne da yake ƙara ƙarfi idan aka ɓoye shi. Saboda haka ina roƙonki ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ko 'yar'uwarki ko matar fastonku, da ainihin kalmomin da kika rubuto mini ba tare da kin sassauta su ba, kuma ki yi haka a ranar da kika karanta wannan amsa. Sa'an nan ki duba saman kabad da ƙarƙashin gado, inda galibi ake barin ledar magungunan mai jinya bayan ya tafi, ki ba wannan mutumin ya fitar da su daga gidan tare da duk wani maganin ƙwari ko na ɓera. Idan kuwa wani dare tunanin ya wuce fata ya zama shiri, kada ki jira gari ya waye, ki tashi maƙwabciya ta raka ki asibiti mafi kusa.

Yanzu ga maganar mutumin da ya ce shakkarki ce ta hana warkarwa. Ciwon ƙoda ne ya zama ajalin maigidanki, ba ke ba. Idan ƙodoji suka kai matakin da ba sa iya tace jini, na'ura ce take yi musu aikin, likitoci kuma sukan so a yi wankin sau uku a mako. Wankin ba ya warkar da ƙodar, yana dai riƙe mai ciwon ne har a samu dashen wata, abin da ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai a ƙasar nan. Kumburin da kika riƙa gani ruwa ne da jiki ya kasa fitarwa, kuma macen da take goge jikin mijinta safe da yamma ba za ta kasa lura da shi ba. Abin da kika kira shakka, idonki ne ya ga gaskiya.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru ba a kan wanda ya yi magana da sunan Ubangiji amma maganar ba ta cika ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta yanke hukunci cewa irin wannan magana ba daga Ubangiji take ba, mutumin ya faɗe ta ne da ganganci, kuma kada a ji tsoronsa. Ayar ba ta ce a koma a binciki zuciyar matar mara lafiya ba. Nauyin annabcin da bai cika ba yana wuyan wanda ya yi shi, shi kuwa ya sauke shi a kan gwauruwa mai marayu uku, kuma a ganina wannan ya fi annabcin ƙaryar muni. Da a ce shakka tana ɗaure hannun Allah, da yaron nan na Markus sura 9 bai warke ba, domin mahaifinsa ya faɗa wa Yesu a fili cewa ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuma ya warkar da yaron. Da a ce kuma ƙarfin bangaskiya yana tilasta warkarwa, da ba a hana Bulus ba sa'ad da ya roƙa har sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, da bai bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas ba, da kuma Elisha, wanda ya ta da ɗan matar Shunem daga matattu, bai kwanta ciwon da ya zama ajalinsa ba, kamar yadda 2 Sarakuna 13:14 ta nuna. Ki daina karɓar saƙon mutumin nan, ki kuma sanar da dattawan ikilisiyarku abin da ya aiko miki, domin ba ke kaɗai zai yi wa haka ba.

Masu ce miki nufin Allah ne kuwa, yawancinsu suna ƙaunarki, ba su dai san abin da za su faɗa ba ne, shiru kuma yana yi musu nauyi. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa, sai suka yi ta ɓarna har Ubangiji ya tsauta musu a ƙarshen littafin, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, alhali Ayuba ne mai ƙorafi. Ni ban san dalilin da ya sa aka bar maigidanki ya tafi a wannan lokaci ba, su ma ba su sani ba. Abin da aka nuna mana shi ne yadda Yesu ya tsaya a gaban mutuwa. Marta da Maryamu kowacce ta ce masa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba, magana mai ɗauke da zargi, bai kuwa tsauta wa ko ɗayarsu ba, sai ma ya yi kuka a hanyar kabarin Li'azaru ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Bulus ma ya kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka. Ba a umarce ki ki kira ta alheri ba.

Game da addu'ar da ta ƙi fita, ina zaton irin addu'ar da kika saba ce ta ƙi, wato wadda ake farawa da godiya a ƙare da godiya, domin zuciyarki ta ƙi yarda bakinki ya faɗi abin da ba ta ji. Akwai wata irin addu'a da mu masu bi muka yi sakaci da ita. Tun 1932 da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa Zabura ta 88 take hannunmu, amma da wuya ki ji an yi wa'azi a kanta, domin daga farkonta har ƙarshenta ba ta juya zuwa yabo ba. Mai addu'ar ya ce Allah ya jefa shi cikin rami mai zurfi, ya raba shi da ƙaunatattunsa, ya kuma rufe da ambaton duhu. A Zabura ta 13 Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe sau huɗu a cikin ayoyi biyu. Yesu kansa a kan gicciye da farkon Zabura ta 22 ya yi kuka, yana tambaya don me aka yashe shi. Waɗannan addu'o'i ba kuskure ne ya shigar da su cikin Littafin ba, an ajiye su ne domin mai baki mai nauyi irinki. Ba sai kin durƙusa ba. Ki zauna a bakin gado ki karanta ɗaya daga cikinsu da murya, idan kika zo ayar da ta yi daidai da halinki ki tsaya a nan, kin yi addu'ar ranar ke nan. Ranar da ko wannan ya gagara, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki. Ki tuna kuma da shanyayyen da mutum huɗu suka zura ta rufin ɗaki a Kafarnahum: Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Akwai lokacin da ikilisiya take ɗauke da mutum a kan tabarma, kuma ba abin kunya ba ne ki ce wa mata biyu ko uku su riƙa yin addu'a a madadinki har bakinki ya sake.

Kin tambaya ko Allah yana kula da ke. Amsata ita ce yana kula, amma ina so ki ga yadda kulawarsa take zuwa, domin kina jiranta ta ƙofar bayani ko ta ƙofar jin daɗi a zuciya, ita kuwa sau da yawa ba ta nan take fara shigowa ba. Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, bayan ya yi addu'a wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, ya gudu daga sarauniya Yezebel har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, ya ce ya isa haka. Kusan maganarki ce. Ki lura da abin da aka yi masa. Ba a yi masa wa'azi ba, ba a tuna masa da wutar da ta sauko daga sama ba, ba a kuma tambaye shi inda bangaskiyarsa ta tafi ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi ya nuna masa waina da butar ruwa a wajen kansa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa karo na biyu aka ce ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, aka tambaye shi abin da yake yi a wurin, aka bar shi ya zazzage ƙorafinsa har sau biyu da kalmomi iri ɗaya. Barci da abinci ne suka zo da fari, sauraro ya biyo baya, maganar aiki kuwa ita ce ta ƙarshe. Wannan jeri nake so ki bi, domin ke kina neman amsar tambaya ta ƙarshe alhali ba ki ci ba, ba ki yi barci ba.

Shi ya sa nake ce miki ki ga likita a cikin makon nan. Rashin barci da rashin cin abinci da janyewa daga mutane da fatan mutuwa, idan suka haɗu suka daɗe har wata takwas, sun wuce baƙin cikin makoki kaɗai, suna iya zama ciwon damuwa, wanda ciwo ne kamar hawan jini, yana kuma da magani. A garinku akwai Asibitin Tarayya na Ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, akwai kuma sashen masu wannan fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika idan kin fi son nesa da idon sani. Na san sunan da mutane suke kiran irin wannan asibiti da shi, na kuma san yana hana mata da yawa zuwa, amma da yawa daga cikin waɗanda za ki tarar a layi mutane ne irinki, masu zuwa aiki da kasuwa. Idan aka ba ki magani, ki sani yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kada ki yar da shi bayan kwana biyar, kada kuma ki daina shi farat ɗaya ba da sanin likita ba. Ki guji sayen ƙwayar barci a kemis da kanki. Ki sa a auna jininki ma, domin masu jinya sukan manta da nasu jikin. Bulus da ya ga ana warkar da mutane ta hannunsa ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Wanda ya ce miki shan magani rashin dogara ga Allah ne, ki tambaye shi ko wainar Iliya ma rashin dogara ce.

Bashin ma yana cikin abubuwan da suke hana ki barci, ko da yake a taƙaice kika ambace shi. A 2 Sarakuna sura 4 wata gwauruwa ta zo wa Elisha da wannan matsala, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu, abin da ya fara tambayarta kuwa shi ne me take da shi a gida, sa'an nan ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tandaye. Ke ma kina da abin da wataƙila ba ki bi ba tukuna. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikacin da ke ƙarƙashinta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya tara a asusunsa na fansho. Za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da gado daga babbar kotu, abin yana da jeka-ka-dawo, don haka ki nemi dattijo ɗaya ko wani abokin aikin marigayi ya riƙa raka ki. Idan wani ya tsaya miki a hanya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata a irin wannan hali. Ki kuma faɗa wa dattawa halin da kike ciki ba tare da kunya ba. Mutum bakwai ɗin da manzanni suka sa aka zaɓa a Ayyukan Manzanni sura 6, saboda rabon abincin gwauraye aka zaɓe su. Taimakon da ikilisiya za ta yi miki aikinta ne tun asali, ba alfarma ba ce.

Sai tambayarki ta biyu, me ya rage da za ki yi. Ina ganin akwai abin da ba a faɗa miki ba. Shekara biyu kowace safiya kin san dalilin tashinki: yau ranar wanki ce, gobe neman kuɗi, jibi karɓo sakamakon gwaji, ga abincin da ba gishiri, ga auna ruwan da zai sha. Aiki ne mai cin rai, amma ya cika kwanakinki har baki. Ranar da ya rasu kin rasa miji, kin kuma rasa aikin da ya zama dukan rayuwarki, shi ya sa safiya take zo miki fayau babu abin kamawa. Wannan ramin ba hujja ba ce cewa amfaninki ya ƙare.

Kada kuma ki yarda a gaggauta cike miki shi da cewa Allah ya ɗauke maigidanki ne domin ya ba ki wata hidima. Ban ga inda Littafi ya ba mu izinin yin wannan lissafi ba. Abin da na gani shi ne Allah yana iya fitar da alheri daga abin da shi kansa ba alheri ba ne, kuma yakan yi haka a hankali. Da aka gama sauraron Iliya ba a ba shi bayanin abin da ya same shi ba. An ba shi hanya da sunaye uku, Hazayel da Yehu da Elisha, aka kuma gyara masa lissafinsa, aka ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, alhali shi yana cewa shi kaɗai ya rage. Na ukun cikin sunayen nan shi ne ya zama abokin tafiyarsa har ƙarshe. Naki sunayen suna kwana a ɗaki ɗaya da ke, wasu kuma suna cikin rajistar ajinki. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a hannunki a wannan zango zai yi karatu da shi har tsufansa, ko kin ji daɗin koyarwar a ranar ko ba ki ji ba. A yanzu wannan ya isa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wata rana, ba bana ba, za ki iya tarar da wata mata zaune a bencin ɗakin wankin ƙoda da fayil a cinya ba ta san ta inda za ta fara ba, ke kuwa kin san kowace ƙofa, kin kuma san maganganun da bai kamata a faɗa mata ba. Wannan ne Bulus yake nufi a farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda ya ce muna ta'azantar da waɗansu da ta'aziyyar da muka samu, kuma a cikin surar nan ce ya amsa cewa a Asiya wahala ta kai su har sun fid da zuciya ga rayuwa. Amma wadda ba ta karɓa ba tukuna ba ta da abin bayarwa, don haka kada ki ɗora wa kanki wannan yanzu.

Ki kula da babban ɗanki ko babbar 'yarki musamman. A gidajen makoki sau da yawa babba ne yake haɗiye nasa kukan domin kada ya ƙara wa uwa, mutane kuma suna ta ce masa yanzu shi ne uban gida. Ki bari su ga hawayenki, ki riƙa ambaton sunan babansu a wajen cin abinci, ki kuma faɗa musu a sarari cewa ba laifin kowa ba ne, domin idan saƙon mutumin nan da ake kira annabi ya kai kunnensu, akwai yiwuwar ɗayansu yana ɗauke da irin nauyin da kike ɗauke da shi.

Komawa sujada kuwa, ba sai kin koma gaba ɗaya a rana ɗaya ba. Ki je da wadda kika faɗa wa sirrinki, ku zauna a bencin baya kusa da ƙofa, idan aka ɗauko waƙar da aka rera a jana'izarsa kika ji ba za ki iya ba, ki fita ki sha iska ki dawo, ko ki wuce gida. Ku tashi kafin a fara gaishe-gaishen bakin ƙofa, tun da a nan ne maganganun suke yi miki yawa. Ranar Jibin Ubangiji kada ki janye saboda kina ganin zuciyarki ba ta yi daidai ba, domin tebur ne na masu yunwa. Zumuntar Mata kuma ki aika wa shugabarku cewa ba ki shirya ɗaura anko ki shiga layin waƙa ba tukuna, amma kina so mata biyu su riƙa zuwa gidanki sau ɗaya a mako, su zo da abinci su ci tare da ke da yaran, ba tare da wa'azi ba. Bayan kin ga likita ki sake rubuto mini, ki faɗa mini abin da ya ce da kuma awa nawa kike samu na barci.